Wutar Gidan Tumba

Ni dai tun ina ƙarama Allah ya ɗora mini ciwon tambaya. In na ga abu ban gane kansa ba, to ba ni da sauran sukuni, kuma ba na barin kowa ya samu. Kakata ta wajen uba, wadda ta rene ni a Bakura, har suna ta raɗa mini: Mai Tambaya. Wai ranar da aka haife ni ma ba kuka na yi ba, tambayar ungozoma na yi ko ina ne nan.

Lokacin sanyi, da an ci tuwo an yi sallar lisha, Kaka takan hura wuta a tsakar gida da kara da guntun kututture. Yaran unguwa su taru, kowa a zuba masa gyaɗa a gabansa ya ɓare, don Kaka ba ta ba da tatsuniya kyauta. Iyayenmu mata kuma su zauna can baya kan tabarmi, wai su tsintar shinkafa suke yi, alhali kunnensu duk yana wurinmu. Ta binne dankali a toka, ƙamshinsa ya dinga tasowa, mu kuwa yawu kamar ya ƙare.

Ba tatsuniya kaɗai take yi mana ba. Wani lokaci sai ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon abu ta ce mu faɗi sunansa. A nan na fara ganin ƙyastu, ɗan ƙarfe da dutse da auduga, na marigayi kakanmu, wanda yake kunna wuta da shi in ya tafi fatauci. Muka ƙyasta har yatsunmu suka yi ja, ko hayaƙi ba mu tayar ba. Ta yi ta yi mana dariya, ta ce mu 'ya'yan ashana ne. Ta ce a zamaninsu wuta ba a barinta ta mutu, rufe ta ake yi da toka ta kwana. In kuwa ta mutu, sai mace ta ɗauki kasko ta shiga gidan maƙwabta ta ɗebo garwashi, a gaisa, a ji lafiyar yara, ta dawo.

A ƙarshen lungunmu akwai wata tsohuwa ana ce mata Tumba, doguwa, ba ta son yawan magana. Ita da ɗanta Garba sun zo ne daga wani ƙauye na ƙasar Maradun, bayan an tare gulbi ruwa ya hau ya shanye garinsu, da gonaki da rijiyoyi har da maƙabarta. Garba ya samu aiki a gonakin rani wajen Talata Mafara, sai jifa-jifa yake leƙowa. Matan unguwa kam ba su yi mata rowa ba, a faɗi gaskiya. Wannan ta aika tuwo, waccan fura, wata ta ba ta zane. Tumba ta karɓa, ta yi godiya, ta mayar da kwano a wanke. Amma ba ta zuwa suna, ba ta zuwa biki, kuma in za a ambace ta sai a ce baƙuwar nan.

Wata rana da yamma na kai mata tuwo, sai na tarar ta ɗaure ƙorenta cikin raga, ta naɗe tabarmi, tukwane ma an kife su wuri ɗaya. Ni kuwa da bakina, na ce mata ina zuwa haka?

"Tahiya za ni yi, ɗiyata," in ji ta. "In anka gama girbi, bakin ruwa za ni koma in kahwa bukka. Ko ban ga garinmu ba, na san inda shike kwance."

Na ce ita kaɗai? Wa zai ɗebo mata itace, wa zai ji ta in ta faɗi? Ta ce Allah na nan. Sannan ta ce, "Nan kowa na da kirki, wallahi. Amma ni ba ta nan ba ce."

Na sheƙa gida na zayyana wa Kaka. Goronta kawai ta ci gaba da tauna. Sai da gari ya waye, ta miƙo mini wani tsohon kasko ta ce in tafi gidan Tumba, in gaishe ta da kwana, in ce wutarmu ta mutu, ta taimaka mana da garwashi.

Nan fa ciwona ya tashi. Na ce, Kaka, ai akwai ashana cikin ƙwaryarki, ni na sayo ta shekaranjiya. Kuma ga gidan Inna Hassi nan jikin katangarmu, hayaƙi ma na tashi, me zai kai ni ƙarshen lungu?

"Ke, Mai Tambaya, ba ki gajiya? Tahi inda anka aike ki. In dare ya yi kya ji."

Na tafi ina gunaguni. Da na isar da saƙo, Tumba ta tsaya tana kallona kamar ba ta ji da kyau ba. Ta ce, "Ni? Wutata?" Na ce haka aka ce. Sai ga tsohuwar nan ta durƙusa gaban murhu, ta tone toka, ta zaɓo garwashi manya-manya, ta yayyafa toka a gindin kaskon don kada ya ƙona mini hannu. Har bakin ƙofa ta rako ni tana cewa in bi a hankali, in kare shi daga iska.

Ranar nan ban iya cin tuwo ba don ɗoki. Da aka taru, Kaka ta gyara zama, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, yadda na baya ma za su ji. Ta ce, "Ga wata nan ta taso daga nesa, ku ba ta wuri." Muka ce, "Ta zauna mu ji ta."

Wai a wani zamani dabbobi suna da gari nasu, kowa da gidansa da murhunsa. Sai ga Kunkuru ya zo, gulbi ya cinye masa gida. Dabbobin garin masu kirki ne. Kurciya ta kawo tsaba, Zomo ya kawo rogo, Bushiya ta kawo wake, kullum a ajiye masa a bakin ƙofa. Shi kuwa in ya ji tafiya sai ya mayar da kansa cikin ƙoƙo don kunya, har ya saba, ba ya fitowa sai sun tafi. Ana nan sai aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya kashe duk wutar garin. Kurciya ta je gidan Zomo, toka ta yi sanyi. Zomo ya je gidan Bushiya, babu. Aka zagaye gari kaf, aka dawo ana cin ɗanyen hatsi, yara na kukan ciwon ciki. Kunkuru kuwa ya san halin ruwa, tun da ya ga hadari ya kife a kan garwashinsa ya tsare shi. Wuta na nan a gidansa, amma ba wanda ya tuna da shi, don shi wanda ake kai wa ne.

Na kasa haƙuri. Na ce, "To Kaka, me ya hana shi ya fito ya ce yana da wuta?"

Ta dube ni, ta dubi na baya. "Wanda kullum shi aka miƙa ma kwano, da wane baki zai ce shi ma yana da abin badawa? Sai in an tambaye shi."

Na ji tsintar shinkafa ta tsaya cak.

Ta ci gaba. Wai daga ƙarshe Kurciya ce ta gaji, ta bi ta ƙofarsa, ta ce, "Malam Kunkuru, ko Allah ya sa kana da 'yar wuta?" Sai ga kai ya fito, ga wuya ya miƙe, dabbobi ba su taɓa sanin yana da tsawon wuya haka ba. Ya ce a ɗora masa garwashin a baya, shi da kansa zai kai kowane gida. Haka ya bi gari yana rabawa, kuma zanen nan da kuke gani a bayan kunkuru, tabon garwashin ne. Na ce bai ji zafi ba? Ta ce ya ji mana, amma ya fi masa zaman cikin ƙoƙo daɗi. Sai ta karkaɗe zane ta ce, "To nan ta ƙare, wanda ya yi kwana shi ya jiyo." Aka tono dankali.

Washegari da na isa gidan Tumba da kaskona, na tarar da 'yar Inna Hassi ta riga ni, ita ma da nata. Ba a jima ba abin ya zama kamar gasa tsakanin yara, kowa na so a ce shi ya kawo garwashi da rai har gida. Inna Hassi da kanta ta je, wai a nuna mata yadda mutanen bakin gulbi suke bandar kifi ya daɗe bai lalace ba. Wata ta je aron rariya, dole aka kwance ɗauri ɗaya. Aka yi suna a gidan liman, aka je aron babbar tukunya, aka ce kuma mai tukunya ta zo ta duba gishirin miya.

Ranar da na san wani abu ya canza ita ce ranar da Tumba ta yi mini faɗa. Ta ce wace sakarya ce ke zuwa ɗibar wuta da kasko mai tsaga, so nake in ƙone garin mutane? Na dawo ina kumbure-kumbure na kai ƙara. Kaka ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Alhamdu lillahi, ta hwara hwaɗa."

Da aka gama girbi Garba ya zo da jaki, don ya gaji da lallashi, ya ce in tafiyar take so zai kai ta. Ina wurin, na je ɗibar wuta. Ya duba ɗaki, rabin kayan ba su nan. Tumba ta ce, "Ina za ni yanzu? Tukunyata na gidan liman, rariyata ban ma san hannun da take ba, ga babbar ɗiyar Hassi ta kusa haihuwa, kuma ni sunka ce in zauna kusa. Mai da jakin mutane." A unguwarmu ta ƙare kwanakinta, kuma ranar da ta rasu a zauren gidanmu aka karɓi gaisuwa.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar nan a kan kyautata wa baƙo take. Sai da na girma na lura ai dabbobin nan ba su gaza wajen kyauta ba, mu ma ba mu gaza ba, amma tsohuwa ta ɗaure kayanta. Kuma ina yawan tunanin abin da ashana ta ɗauke mana ba mu ankara ba. Ta hutar da mu, ba musu, ni ma ba zan koma tonon toka ba. Sai dai da can dole ce take shigar da mace gidan maƙwabciyarta, ko suna shiri ko ba sa yi. Da dolen ta kau, sai mai wayo irin Kaka ce za ta ƙirƙiro ta.

Yanzu ina zaune a Talata Mafara, ni ce Kakar. Da gas muke girki, hatsi inji ake kai shi, in ana son jin lafiyar wani a buga waya. Kwanan baya aka zauna ƙarƙashin fitilar sola na ba jikokina labarin nan. Sai da na zana musu kasko a ƙasa, don ba su taɓa ganin an ɗauki wuta a hannu ba. Jikata Ummi, wadda ta gaje ni a ciwon nan, ta yi ta jero tambayoyi: toka ba ta kashe wuta? In aka yi tuntuɓe fa? Can sai ta ce, "To Kaka, mu me muka taɓa ɗebowa a gidan Maman Sani?"

Maman Sani maƙwabciyarmu ce, daga wajen Janbako suka taso da 'ya'yanta saboda rashin zaman lafiya, suka kama ɗaki a bayan gidanmu. Ummi ce ke kai musu abinci kusan kullum. Tambayar Ummi ta tsaya mini a rai.

Da safe na ce wa Ummi ta je ta gaishe da Maman Sani, ta ce ko za a sam mini 'yar daddawa, na ji an ce ta mutanen ƙauyensu ba ta da na biyu. Na zaci yarinya za ta dawo da ƙulli a hannu. Sai ga sallama, matar ce da kanta, ta yafa mayafinta na fita unguwa, ta riƙo daddawar cikin kwano da murfi. Muka gaisa, gajiya, yara, sanyi, mutanen gida. Ta ajiye kwanon a gabana, ta kasa tashi, tana murza bakin mayafi.

"Hajiya," in ji ta, "tun da munka zo garin ga, ba wanda ya taɓa cewa in ba shi wani abu. In ta ƙare ki aiko, don Allah. Ni ka yin ta da hannuna."