Juma'ar da Na Riƙe Ƙofa

Shekara tara na yi ina gadin wata makarantar sakandare ta maza a wajen Ƙofar Kwaya. Karatuna a firamare ya tsaya, don haka duk abin da malami ya ce in yi, nakan tambaya sau biyu don kada in ɓata shi.

Wata Alhamis malamar tarihi ta same ni a bakin ƙofa. Ta ce gobe a darasin ƙarshe za ta turo 'yan aji biyar, kowa da takardar neman fita, ni kuma in hana su duka, kada in ba da dalili, kada in buɗe sai ta zo da kanta. Na tambaye ta laifin da suka yi. Ta yi dariya ta ce darasi ne. Tana koya musu labarin Yahudawan Rasha a zamanin mulkin gurguzu: an rufe yawancin wuraren ibadarsu, an hana su koya wa 'ya'yansu harshen littafinsu, kuma da yawa daga waɗanda suka nemi barin ƙasar an ƙi su, wasu har aikinsu suka rasa don sun nema.

Abin ya ɗaure mini kai. Ni a sanina, wanda ba ka so a gidanka ƙofa kake nuna masa.

"To Malama, tunda ba a son addininsu, me ya sa ba a bar su sun tafi ba?"

Ta ce tambayar da take so yaran su yi ke nan, kuma ita ma ba ta da amsa guda ɗaya.

Na yini ina tunanin ko zan yi ƙarya a cikin wannan aiki. Daga ƙarshe na sami abin faɗa wanda gaskiya ne: ba a ba ni izinin buɗewa ba.

Washegari suka zo suna raha. Wani ya miƙo takardarsa da hannu biyu yana kirana ranka ya daɗe, wani ya ce yau Baba ya zama gwamnati. Na karɓi takardun na jera a kan benci na ɗora dutse, na faɗi maganata. Suka yi ta dariya.

Ban san an kira malamar ofishin shugaban makaranta don wasu baƙi ba. Ita kuma a gida take sallarta ta Azahar, ba ta saba auna ranar Juma'a da lokacin tafiya masallaci ba. Ni da na sani ban tuna mata ba, na ɗauka minti goma ne.

Da aka yi kiran farko dariyar ta ragu. Sauran azuzuwa sun riga sun tashi, na bar su sun wuce. Na dubi hanyar ofis, babu kowa. In na je nemanta na bar ƙofa, in na buɗe na karya alkawari, in na ƙi na hana Musulmi kusan talatin Juma'a, har da ni. Gumi ya jiƙa mini hula.

Wani dogo a cikinsu, wanda ya fi kowa tsokana, ya matso ya yi magana a hankali.

"Baba, in mun rasa sallar nan, laifin na wa ne?"

A lokacin sai na tsinci kaina ina tunanin mutumin da yake zaune a ofis a can ƙasar Rasha yana mayar wa mutane takardunsu. Ko shi an gaya masa dalili? Ko yana da wanda zai tambaya?

Na jiyo liman ya fara huɗuba a lasifika. Na ƙara jira kaɗan, abin da har yau nake istigfari a kansa, sannan na zare sakata. Muka runtuma da gudu, ni a baya da makullai a hannu. Alwala ta ci mana raka'ar farko. A kan titi muka tsaya, cikin rana, ba tabarma, muka sami ruku'in ta biyu da kyar, muka tashi muka cika.

Bayan sallama na juya na ƙirga su. Biyu ba su samu ba, sai Azahar suka yi. Ranar Litinin, kafin malamar ta zo ba ni haƙuri, waɗannan biyun na fara nema don su yafe mini.