Marwa da Dabbobinta da Ido Ba Ya Gani

Daga Allah muke, kuma gare Shi muke komawa. Ranar Talata, 4 ga Maris 2025, cikin azumi, ɗiyata Marwa ta rasu a asibitin Dogon Dutsi bayan gajeruwar jinya. Ni da makarantar lakkwal ta sallama tun ban gama sanin baƙaƙe ba, yau ni ke rubutu a kan mai digiri.

Marwa, da kika gamo jami'ar Yamai ina jiran in gan ki a biro, wato ofis, ƙarƙashin fanka, sai kika tara kashin kaji bayan gidanmu na Dumega, kina haɗa wa matan gari takin lambu. Warin nan da kike ce wa amoniya yana shiga ido kamar barkono. Maƙwabcinmu Is'haƙa ya rantse sai mai gari ya raba mu. Sai kika rufe ramin takin, kika ja tiyo daga cikinsa zuwa tano, wato duro, cike da jiƙaƙƙen ƙaiƙayi. Kika ce akwai bakteriya a ciki, halittun da ido ba ya gani, su ke cinye warin muddin ana ba su ruwa.

Na ce, "Yamai na kai ki, ko Lugu wajen 'yan bori?"

Kika ce, "Baba, nawa ba su neman baƙin bunsuru. Ruwa kawai. Kuma ba su azumi."

Wari ya ɗauke. Is'haƙa da kansa ya zo roƙon taki.

Da muka zauna makokinki, ba wanda ya tuna da tano. Ranar addu'ar uku warin ya dawo, ya shigo har rumfar gaisuwa. Malamai suna ta share ido, baƙi na cewa dubi yadda ake son yarinyar nan. Ni kaɗai na san wa ke kira. Uban mamaciya ba ya barin tabarma ana addu'a, amma na tashi na ɗauki bokiti. Aka ce Zakari ya zautu.

Ban sani ba ko na iske halittun nan naki da rai. Ba a ganinsu balle a tambaye su. Kowace safiya nakan zuba ruwa in kai hanci bakin tano. In na ji wari, kamar yau aka fita da ke. In ban ji komai ba, sai in waiwaya ko kina bayana.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya ba mahaifiyarki Husaina da mijinki Abdulwahid haƙuri. Ni kuma Ya bar mini ƙarfin ɗaukar bokiti.

Zakari, Dumega