Ƙofar da Aka Kulle Saboda Ni

Ƙannena masu zuwa karatu ƙasar nan, da ku nake. Ba zan faɗi sunana ba, domin mahaifiyata tana raye.

Tun ina yaro a Zariya an san ni da tsoro. Ko littafin aro ne ya wuce ranarsa a hannuna, ba na iya cin abinci. Na zo Manchester da tallafin karatu, na yi digiri na biyu kan adana tsofaffin gine-gine, da niyyar in koma gida in yi aiki a kan masallatanmu na ƙasa. Bincikena a kan rufin tsofaffin cocin ƙauyuka ne, waɗanda aka gina da dutse shekaru ɗaruruwa da suka wuce, aka shimfiɗa musu dalma a sama saboda ruwa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙofofinsu a buɗe suke da rana, babu mai gadi. A wani ƙauye da ba zan ambata ba, wata tsohuwa ce ke riƙe da makulli. A raina Iya nake ce mata. Ta nuna mini zanen da ke bango, daidai saitin ƙofa: wani ƙaton mutum ɗauke da yaro a kafaɗa yana tsallake kogi, kifaye na zagaye ƙafafunsa. Ta ce a zamanin da, matafiyi kan leƙo ya gan shi don neman tsari kafin ya kama hanya, shi ya sa ba su yarda a rufe ƙofar ba.

Ranar lokacin azahar ya riske ni a can. Ta ga ina ta duba agogo, ta tambaye ni. Da na gaya mata, sai ta kai ni famfon da suke ɗiban ruwan furanni, ta ce: "Ginin nan gabas yake kallo, yarona. Sauran kai ka san shi." Na yi sallata a kan ciyawa, ita kuma ta riƙe karenta har na idar. Bayan haka ta ba ni makullin hasumiya, na hau na ɗauki hotunan rufin.

Na gama karatu a shekarun da gwamnati ke ta tsuke bakin aljihu. Ofisoshin ƙananan hukumomin da nake sa ran za su ɗauke ni, nasu ma'aikatan ma sallama suke yi. Na koma Birmingham, na kama ɗaki a Sparkhill, ina ɗaukar kwalaye a wani sito. Ba uzuri nake kawowa ba. Da yawa sun sha wahalar da ta fi tawa, ba su taɓa kayan kowa ba.

A siton akwai wani ɗan gari, bari in ce masa Dogo, wanda ke da alaƙa da masu sayen tsofaffin ƙarafa. Wata rana ya ga hotunan a wayata.

"Furofesa, ashe kana da dukiya a aljihu kana jan kwali? Wanne ya fi dalma a cikinsu?"

Na yi dariya na nuna masa ɗaya. Ina jin alfahari ne ya ja ni, don an daɗe ba wanda ya tambaye ni abin da na sani. Bayan mako biyu, da suka sace dalmar cocin, ya tura mini ambulan na kuɗi a aljihu. Na karɓa ban tambaya ba.

Ban taɓa hawa rufin kowa tare da su Dogo ba, kuma da wannan na riƙa lallashin kaina. Amma ni na koya musu abin da ba su sani ba: wasu cocin suna da ɗan gajeren bango da ya zagaye rufin, wanda ke ƙasa ba ya ganin saman. A irin waɗannan, sai a kwashe dalmar a yi makonni ba a lura ba. Cocin Iya irinsu ne. Na ɓoye hotonsa, har ran da Dogo ya fizge wayar ya gan shi.

"Ban da wannan," na ce.

"Kakarka ce a ciki? Bari wasa, Furofesa."

Na yi shiru. Shirun nan shi ne amincewata.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Na san sun je. Na san rufin a buɗe yake, katako ne kawai tsakanin zanen da sama. Ina da lambar Iya. Sau da yawa na fito da ita, sai in ce wataƙila mutanen ƙauyen sun riga sun gani, wataƙila za a gane muryata. Aka shiga watannin ruwa. Ina zaune a ɗaki ina jin sa a taga, na san inda yake zuba.

An kama Dogo a wani wurin daban, ya faɗi sunana. A kotu aka karanta bayanin Iya. Ba ta zage ni ba. Ta ce kawai yanzu ƙofar a kulle take, kuma ita ce ta ba ni makullin hasumiya, mutanen ƙauyen sun sani. Aka ɗaure ni. A kurkuku na koma ga Allah da gaske, na roƙi gafara, amma duk ran da aka yi ruwa ba na samun natsuwa.

Da na fito, an ba ni ɗan lokaci in bar ƙasar. Yayana, ɗan kawuna da ke aikin likita, shi ya karɓe ni. Na roƙe shi ya kai ni ƙauyen.

"Me za ka ce mata?" ya tambaya.

"Ban sani ba, Yaya."

"To, ni a mota zan jira. Kai ka ɓata, kai za ka shiga."

Na tarar da ita tana gyara furanni a wani kabari. Ta tsufa sosai. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ciro makulli ta buɗe. Ciki warin danshi. Ƙaton mutumin da yaron sun tafi, sai tabo mai ruwan toka tun daga sama. Ƙafa ɗaya ta rage, da kifi guda.

Na ce ta yafe mini. Ta ce: "Dalma an saka wani abu a madadinta. Da ka kira ni, yarona, da mun rufa leda."

Muka fito, ta murɗa makullin, ta jijjiga ƙofar ta tabbatar ta kullu.

Ƙannena, ban san ko na isa in yi wa kowa nasiha ba. Amma idan wani ya amince ya nuna muku nasa, kada ku kai labarinsa inda za a cuce shi, ko da wasa. Kada ku ce ba hannunku ya ɗauka ba. In kuma kun riga kun yi ɓarna, ku yi magana tun ana iya rufa leda. Ni tsoro ya hana ni, ga shi yau matafiyin da ya biyo ta ƙauyen nan ba shi da inda zai leƙa.