Hasken da Babana Ya Gani a Kan Gona

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ina sabuwar ma'aikaciyar jinya, ina zaune a gidan yayata a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ta Kano. Ina ji da karatuna a lokacin, duk abin da ban gani a littafi ba ƙarya ne a wurina.

Da damina aka aiko mini daga ƙauyenmu cewa Baba ya fara surutai. Wai yana ganin wani haske kore-kore a saman gonarsa dab da magariba, ya tsaya cik ba ƙara, sannan ya ɓace. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce jirgin soja. Ni ko tambayarsa ban yi ba. Na sa aka kawo shi Kano, na kai shi wani asibiti a Tarauni, na faɗa wa likita da bakina cewa tsufa ne ya taɓa masa kai. Baba na zaune yana ji. Aka rubuta masa magani, ya riƙa sha don kada ya kunyata ni. Kafin ya koma gida labari ya riga shi, shi da ya daɗe yana jan salla a ƙauyen aka ce ya koma sahu.

Bayan wata biyu na je duba shi. Muna dawowa daga gona, ina ɗauke da kwandon kuɓewa, sai ga hasken nan tsaye a saman tsamiya. Na tsaya ina kallonsa. Baba ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Kada ki faɗa wa kowa, kada ke ma a ce kin taɓu."

Washegari na tafi ƙofar mai gari. A gaban dattawa na ce na gani da idona, kuma ni ce na yi wa mahaifina ƙazafi. Wasu suka yi dariya. Na bi gida gida har na samo mata uku da suka gani amma tsoro ya hana su magana. Na dawo wurin likita na janye maganata, aka tsayar da maganin. Limancin dai bai dawo ba har Baba ya rasu.

Har yau ban san mene ne hasken ba, kuma ba zan daina faɗin na gan shi ba. 'Yan'uwa masu karatu, idan iyayenku suka zo da maganar da ba ku gane ba, ku zauna ku saurare su tukuna. Kalma ɗaya na furta a gaban likita, ta raba mahaifina da mutuncin da ya yi shekaru yana tarawa.