Yatsun Nélida a Kafaɗar Evaristo Bellomo

Haihuwa da tasowa

An haifi Evaristo Bellomo a shekarar 1906 a unguwar Barracas ta birnin Buenos Aires. Mahaifinsa Gaetano mai keken doki ne, mahaifiyarsa Rufina Ledesma kuwa wanki take yi wa masu hali. Ya bar makaranta yana aji huɗu, ya koyi rawar tango a bakin titi tare da samarin unguwa, har ya yi suna da cewa bai taɓa maimaita rawa ɗaya sau biyu ba.

Aure da aiki

A shekarar 1931 ya auri abokiyar rawarsa, Nélida Arce, sannan a 1935 wani kamfanin fim ya ɗauke su aiki tare. A nan ne abin alfaharinsa ya zame masa musiba, domin darakta yana so a maimaita rawa daidai sau goma bisa alamun alli da aka zana a ƙasa, shi kuwa ƙafarsa ba ta san wannan ladabi ba. Ranar da aka yi barazanar sallamarsa, Nélida ta fara danna masa kafaɗa a ɓoye: yatsa ɗaya gaba, biyu juyi, uku tsayawa. A al'adar tango namiji ke ja, mace ta bi, kuma wanda aka ce matarsa ce ke jansa ya gama yawo a Barracas.

Shekarun shahara

Daga 1935 zuwa 1954 sun fito a finafinai goma sha huɗu, amma bawan Allah bai ɗanɗana daɗin ko ɗaya ba. Yakan shiga sinima, jama'a na kallon ƙafafunsa, shi yana kallon hannun matarsa. Ya sa tela ya ƙara wa kwat ɗinsa auduga a kafaɗa don kada lotsawar ta fito a hoto, auduga ta hana shi jin yatsun, ya koma aka cire. Sau biyu aka nemi haɗa shi da wata tauraruwa, sau biyu yana kwanciya ciwon ƙarya.

Rasuwa

Ya rasu ranar 9 ga Yuni, 1968, sakamakon ciwon zuciya, aka binne shi washegari a maƙabartar Chacarita. Bayan an watse, Nélida ta buɗe wa 'ya'yansu asirin, ta ƙara da wanda shi kansa bai sani ba.

“Tun fim na uku na daina danna masa komai, hannuna kawai nake ɗorawa. Shi ke jana, wawan. Na ji tsoron in na faɗa masa zai iya rawa da kowace mace.”

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: Amalia, malamar makaranta, Rodolfo, direban jirgin ƙasa, da Delfina, tela. Babu ko ɗayansu da ya yarda ya koya wa rawa.