Zuwa Greensboro neman lauyan bindigar maigida

Mun tashi da asuba, ni da maigidana, bayan mun idar da salla mun miƙa yara gidan maƙwabciyarmu da sauran barci a idonsu. Garinmu ƙarami ne, can gabashin jihar North Carolina kusa da teku, Greensboro kuwa sai an miƙa yamma sosai. Masu tambayata abin da ya fitar da mu ranar Asabar guda, to ba biki ba ne, ba suna ba. Lauya muka je nema tun kafin buƙatarsa ta taso, Allah ya sa kada ma ta taso.

Bari in ɗan koma baya. Maigida yana da motar ɗaukar kaya tasa ta kansa, da ita yake raba kaya a shagunan ƙauyukan gefen hanya. Bara wasu samari suka tare shi da rana tsaka a bayan wani shago, suka ɗora masa bindiga a ƙirji, suka kwashe abin da suka ga dama. Allah ya tsare ransa. Daga nan ya shiga aji, ya ci jarrabawa, hukuma ta ba shi lasisin ɗaukar bindiga a ɓoye cikin tufafi. Shi hankalinsa ya kwanta, ni kuwa nawa ya tashi. A ƙasar nan, ko kai ne mai gaskiya, in ka harbi mutum ana iya tsare ka a gurfanar da kai, kuɗin lauya kuma ya isa ya cinye gida. Ga shi katin zama ne da shi, bai zama ɗan ƙasa ba tukuna. Shari'a ta ɗan karkace, sai a ɗora shi a jirgi a bar ni da yara uku. Na yi ta fama ya shiga irin tsarin nan da ake biya wata-wata don a tsaya wa mutum da lauya ranar da ta ɓaci. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Hajiya, ni fa ba ɗan ta'adda ba ne. In abu ya faru in faɗi gaskiya, in kira manyanmu a zauna a sasanta." Da wata Anti tamu da ke zaune a Greensboro ta ce za a yi taron bayani kyauta a wani otal, na sa masa rigima har ya yarda, wai don dai in bar shi ya sha iska. Bindigar ya kulle ta a akwatinta a gida.

Hanyar lafiya lau, ba rami ko ɗaya, itatuwan nan dogaye sun jeru dama da hagu kamar an dasa su da igiya. Abin da ya dame ni kawai gonakin aladu na yankinmu. Ba ka ganin komai daga titi, amma hancinka zai ba ka labari. Na toshe hanci da gefen mayafi, maigida yana ta yi mini dariya wai har yanzu ban zama 'yar gari ba. Da gari ya waye muka tsaya a wani gidan mai, na lura litarsu, ko in ce galan ɗinsu, ya ɗan fi namu sauƙi. Kofin gahawarsu kuwa na duba kuɗinsa na mayar da hannuna jaka, na koma mota na buɗe fulas ɗin shayina mai citta da ƙosan da na soya tun kafin kiran salla. Wata tsohuwa Baturiya da ta faka kusa da mu ta ce ƙamshin me take ji, na miƙa mata guda biyu. Ta cinye, barkono ya sa ta hawaye, duk da haka ta karɓi na uku.

Wajen Raleigh motoci suka fara yawa, muka wuce Durham, muka shigo Greensboro da hantsi. Titin Wendover ya karɓe mu da cunkoso: manyan kantuna a jere, fitilun hanya ba iyaka, kowa na sauri ban san ina za shi ba. Sau biyu muna wuce mashigar otal ɗin, maigida yana musu da muryar taswirar waya kamar tana jinsa.

A bakin zauren taron akwai teburan masu tallar tsare-tsare. Maigida ya zarce wajen wanda ke raba hula da jaka kyauta, tsarinsa ne kuma mafi araha, har ya fara laluben aljihu. Na ja hannun rigarsa na ce mu fara jin bayani tukuna. Da na tambayi saurayin teburin yaushe suke biyan lauya, sai ya ce kai za ka fara biya daga aljihunka, in kotu ta wanke ka su mayar maka. Na ce a raina, wane aljihun? Na gaba da shi suna biya tun farko, amma da na tambaya ko suna taɓa maganar katin zama, sai ya yi ta kame-kame ya ce zai tambayo.

Mai bayanin wata lauya ce baƙar fata, mai furfura a gaban goshi, magana a hankali kamar malamar firamare. Ta yi bayanin inda doka ta yarda mutum ya kare kansa da inda ba ta yarda ba, ta ce mafi alherin harsashi shi ne wanda bai fita ba, in akwai hanyar gudu a gudu. Daga nan ta ce tana son mutum ɗaya ya fito a gwada. Kafin in ankara maigida ya miƙe. Wanda ya san shi ya san ba a neman mai magana yana wurin ya zauna.

Ta ce masa, a ɗauka an sake tare shi, ya yi harbi don ya tsira, mutumin bai mutu ba yana asibiti, shi kuma an ba da belinsa ya koma gida. Washegari me zai yi?

Maigida ya gyara tsayuwa, ya amsa da Turancinsa irin na masu karanta labarai a rediyo. Ya ce abu na farko zai ɗauki dattawa biyu daga masallaci su je asibiti su duba yaron, da ɗan lemo da ayaba. Zai nemi iyayensa ya ba su haƙuri, ya ɗauki nauyin magani gwargwadon ƙarfinsa, ya roƙe su a bar maganar a nan tun da Allah ya taƙaita. Wallahi ni ma da nake zaune kai nake gyaɗawa. Haka na ga iyayenmu suna yi ko akuyar mutum aka buge da mota.

Wasu a bayanmu suka fara dariya, ta ɗaga hannu suka yi shiru. Ta ce tun da take wannan aiki ba ta taɓa jin amsa mai tausayi irin wannan ba, kuma ba ta taɓa jin wadda za ta fi saurin mayar da mutum kurkuku ba. Yaron da ke asibiti shaida ne a shari'ar. Yawanci sharaɗin belin ma shi ne kada ka kusance shi. Ka je da mutane, ka miƙa kuɗi, ka ce a bar magana, mai gabatar da ƙara zai kira shi yunƙurin toshe bakin shaida, haƙurin da ka bayar kuma a karanta shi a kotu a matsayin amsa laifi. Ko da harbin naka na kan gaskiya, ka jawo wa kanka sabon laifi mai zaman kansa, irin wanda kan shafi katin zama.

Na dubi maigida, yana tsaye riƙe da makirufo. Sai ya tambaye ta a hankali: to mutum ya raunata ɗan wani, shi ke nan ba zai ko tambayi jikinsa ba? Ta ce tambayar tana da kyau, kuma akwai lokacinta da hanyarta, amma ta bakin lauya, bayan an gama. Shi ya sa, in ji ta, in za ku zaɓi tsari kada ku tsaya a kan araha. Ku tambaya wa zai ɗauki waya in kun kira, lauya ne ko mai rubuta saƙo. Ku tambaya ko za su tsaya har ƙarshe in an tuhume ku, da kuma in iyalin wancan suka kai ƙarar neman diyya. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuma ya tabbata akwai lauyan shige da fice a cikin maganar. Ba ta tallata kowa ba, ko ofishinta ba ta ambata ba. Allah ya saka wa matar nan da alheri.

Da aka tashi, maigida da kansa ya bi teburan ɗaya bayan ɗaya yana jero musu tambayoyin nan, ni ina biye da jaka. Muka tsaya a kan wani tsari na ofishin lauyoyi, ya fi na mai hula tsada, amma lauya ne ke amsa kira, kuma suna aiki da masanin shige da fice. Bai sa hannu nan take ba sai da aka kira ɗaya daga cikin lauyoyin a waya ya ji amsoshin daga bakinsa.

Daga nan muka ratsa tsakiyar gari ta titin Elm, muka wuce gine-ginen kotu, na kawar da kaina ina neman tsari. Anti tana jiranmu a gidanta da ke Glenwood, unguwar ƙananan tsofaffin gidaje da ɗalibai ke ta kai da kawo a kan kekuna. Ta tuƙa mana tuwon shinkafa da miyar kuka mai man shanu, muka yi azahar muka zauna. Da na ba ta labarin lemo da ayaba ba ta yi dariya ba. Ta ce ita ma abin da za ta ce a yi ke nan, kuma da ita za a tafi asibitin. Ta sa na maimaita mata bayanin don ta faɗa wa matan da suke karatu tare ranar Lahadi. Da za mu tafi ta cika mana leda da dambun nama na yara.

A hanyar dawowa rana na bayanmu. Da muka wuce Raleigh maigida ya yi magana, idonsa na kan titi. Ya ce, "Hajiya, da na je dubiyar nan, da ke ce za ki riƙa zuwa duba ni a kurkuku ta bayan gilashi." Na ce Allah ya kiyaye. Ya ce amin, ya ce in sa lambar lauyoyin a wayata ni ma, domin in ta ɓaci ni zai fara kira, kuma ya san ni, kafin ya ajiye waya na tara masa rabin masallaci.

Mun iso gida bayan magariba, yara suka tarbe mu da Turanci suna tambayar tsaraba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, tarbiyyar da muka zo da ita daga gida ba ta da aibi, amma a nan ba kowace ƙofa take buɗewa ba, wata ma rufe ta take yi a kanka. Na gode wa Allah da muka ji haka a zauren otal, mutane na dariya, ba a gaban alƙali ba. Na zauna ina kallon maigida yana raba wa yara dambu yana faɗa da ƙaramin kan ya wanke hannu, na ji hawaye ya zo mini, na tashi na shiga kicin.