Ranar da Na Wanke Rigar Baba

Babanmu ya fara aiki a gandun dabbobi tun gandun bai wuce birai biyu da kunkuru ɗaya ba, sai wani shingen waya da awakin unguwa ke ratsawa. Shi ne mai shara, shi ne mai ba da abinci. Itatuwan da motocin 'yan makaranta ke tsayawa a inuwarsu yau, da hannunsa ya dasa. Da aka kawo jimina shi ya tarbe ta, da aka haƙa tafkin kada shi ya fara sakar masa ruwa.

Yana da wata rigar aiki ruwan ƙasa da yake ratayewa a ƙusa bayan ƙofa, ba a wanke ta. Mama takan toshe hanci ta ce, "Malam, wannan riga ko kura ce ta sansana sai ta nemi magani."

"Ke ce ke jin wari," in ji shi. "Dabbobin da ita suke gane ni."

Ina aji uku a sakandare barewa ta haihu a gandun, karo na farko, kwana biyu kuma uwar ta mutu. Baba ya ɗauki rainon ɗan, yana ba shi madara a kwalba. Ɗan ba ya kama kwalbar sai ya cusa hanci a rigar nan tukuna.

Ran nan ƙawayena za su zo gidanmu bitar jarrabawa. Na dubi rigar, na tuna ɗayarsu da ke kirana 'yar mai kashin biri. Baba na barcin rana na sauke ta, na dirje da sabulu mai ƙamshi, har turare na fesa mata.

Da ya tashi ya gan ta a igiya, ya kira ni.

"Uwata, ke ce?"

Na ce ni ce.

"To, sannu da aiki." Ya ɗauke ta da danshinta ya fita.

Ɗan barewa ya ƙi kwalba. Baba ya tumurmusa rigar cikin ciyawar keji, ya shafa mata madara, ya yi kiran da ya saba, amma da ya matso sai ɗan ya maƙure a lungu yana rawar jiki. Likitan dabbobi ya gwada ɗura, ba ta zauna ba. Kwana na uku ya mutu.

Manaja ya tara ma'aikata ya nemi ba'asi. Baba ya ce sakacinsa ne, bai ƙara komai ba. Aka cire shi daga wajen dabbobi aka kai shi ƙofa yagar tikiti, a nan ya yi shekara tara har ya yi ritaya.

Yanzu bareyin gandun sun haura ashirin. In ƙannena suka tambayi abin da ya raba Baba da dabbobinsa, Mama takan ce ciwon ƙafa ne. A gabana take faɗa, nakan sunkuyar da kai, ban taɓa gyara mata ba sai yau.